Waƙar Sanɗa: Yadda Ƴan Ci-ranin Zulu Suka Mai da Bariki Gida



Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin yaran nan The Lion King, wanda kamfanin Disney ya fitar a 1994, ya ji wata waƙa mai zancen zaki yana barci. Da yawa sun ɗauka ta Amurkawa ce. Asalinta kuwa wasu leburori ne ƴan ƙabilar Zulu suka tsaya a ɗakin ɗaukar faifai na kamfanin Gallo a Johannesburg a 1939 suka rera ta, sunanta Mbube, wato zaki. Yadda aka kwashe dukiyar waƙar labari ne da ya shahara, kuma zan zo kansa. Ni da nake aikin rediyo, ina wuni cikin faya-fayan mutane, tambayar da ta fi damuna daban ce. Me zai sa mutumin da ya wuni yana dako a tashar jiragen ruwa, ko yana wanke kwanuka a otel, ya ƙi kwanciya da dare, ya je ya tsaya sa'o'i yana koyon waƙa tare da wasu gajiyayyu irinsa, alhali ba wanda zai biya shi ko sisi?

Amsar tana farawa ne daga ƙasa. A 1913 gwamnatin fararen fata ta Afirka ta Kudu ta yi dokar da ta keɓe wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, ta hana su sayen gona a sauran. A 1936 aka ƙara rabon ya kai wajen kashi 13. Ga gona ta yi kaɗan, ga haraji sai da tsabar kuɗi, don haka magidanta da samarin yankin Natal suka riƙa kwarara zuwa Durban da Johannesburg. Birnin yana son ƙarfinsu, ba ya son iyalinsu. Aka gina masu barikoki na maza zalla, ɗaki guda mutum goma ko fiye, wani wurin gadon ma na siminti ne. Mutum yakan yi wata goma sha ɗaya bai ga matarsa da ƴaƴansa ba, sai hutun Kirsimeti. Kullum yana ɗauke da takardar izinin zama a aljihu, in ɗan sanda ya tare shi babu ita, sai gidan kaso. Hukumar birnin Durban ma ta ƙirƙiro wata dabara bayan dokar giya ta 1908: ita kaɗai ke da ikon dafa giyar dawa ta sayar, ribar kuma da ita take gina barikoki da biyan masu tsaron leburorin. Lebura ya sha don ya manta da damuwa, kuɗin shan nasa ya koma ya ƙara tsawon katangar da aka kewaye shi da ita.

Mu nan ba baƙin ci-rani ba ne. Da kyar ka sami gida a Tawa ko Maraɗi da ba shi da wani a Ikko, ko Abijan, ko Libiya. Amma ɗan ci-raninmu yana da zango, yana da maigida da zai sauke shi, in hali ya yi ya ɗauko iyalinsa. Shi wancan doka ce ta ce ba shi da gida a inda yake aiki, komai daɗewarsa. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To wanda aka tilasta wa barin gida, aka kuma hana shi kafa wani, ina zai sa kansa?

Salon waƙar da suka ƙirƙiro ya sha ruwa daga rijiyoyi da dama. Akwai waƙoƙin biki na ƙauyukan Zulu, inda dangin ango da na amarya kan yi gasa da juna. Akwai waƙar coci mai muryoyi huɗu da aka koya a makarantun mishan. Akwai kuma wata ƙungiyar baƙaƙen Amurka ta wani mai suna Orpheus McAdoo, da ta sauka a Cape Town a 1890, ta yi shekaru tana zagaya ƙasar kafin ƙarnin ya ƙare. Mutane sun ga baƙar fata irinsu cikin kwat, a kan dandamali, Turawa na tafa masu, abin bai fita daga ransu ba. Daga baya makarantar Ohlange ta John Dube ta fito da Reuben Caluza, wanda har waƙa ya yi kan dokar ƙasa ta 1913. Sai dai waɗannan ƴan boko ne. Leburan bariki ya ɗebi abin da zai iya ɗauka daga wurinsu, ya haɗa da na ƙauyensu.

Solomon Linda ne ya ba abin siffar da aka san shi da ita. An haife shi a 1909 kusa da Pomeroy a yankin Msinga, ƙasa mai duwatsu da fari, ya tafi Johannesburg a farkon shekarun 1930. Ƙungiyarsa, Evening Birds, yaran garinsu ne da suka taso tare. Shi ya yawaita masu kakkaurar murya a sahu, yadda ƙasan waƙar zai yi nauyi kamar rugugin hadari, shi kuma ya hau sama da siririyar murya. Shi ya sa mutanensa ɗinka kwat iri ɗaya. Faifan Mbube ya sayu har wajen 100,000 cikin shekaru goma, abin da ya sa aka riƙa kiran salon gaba ɗaya da sunan waƙar. A shekarun yaƙin duniya na biyu aka koma rera shi da ƙarfi, kamar za a tsaga rufin ɗaki, har suka yi masa laƙabi da sunan jefa bom. Sunan da ya zauna daga baya shi ne isicathamiya, daga kalmar Zulu mai nufin sanɗa. Rawar Zulu ta asali da duka ƙasa ake yin ta, ƙafa ta tashi sama ta sauko da ƙarfi. Su waɗannan sai su ɗaga ƙafar kamar za su doka, su ajiye ta a hankali kan yatsu. Labarin da mawaƙan ke bayarwa shi ne don kada a tashi masu gadin bariki. Babu ganga, babu garaya, babu komai sai maƙogwaro da tafin ƙafa.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne yadda ake kafa ƙungiyar. Galibi ƴan gari ɗaya ne, ko ƴan uwa, wa da ƙane da ɗan baffa. Sunan ƙungiya kan ɗauki sunan garin da aka baro, sai a liƙa masa wani suna na ƙasaita. Saurayin da ya sauka daga jirgin ƙasa bai san kowa ba, in ya nemi ƙungiyar garinsu ya sami masu jin karin harshensa, masu sanin ubansa, masu nuna masa inda ake ɗaukar aiki. Yana da wurin zuwa bayan an tashi aiki, wanda ba gidan giyar hukuma ba. Yana da gurbi a sahu, kuma gurbin nan shi ne maganar. A masana'anta in bai zo ba, kafin azahar an sa wani a madadinsa, ba wanda zai tambayi sunansa. A sahun waƙa in bai zo ba kunne zai ji giɓin, jagora zai ce ina wane, a aika a duba ko lafiya. Mu muna cewa zumunta a ƙafa take. Tasu a maƙogwaro take, ƙafar ma sanɗa take yi.

Kalmomin waƙoƙin ma gida suke komawa: shanun da aka bari, budurwar da aka yi wa alkawari, uwa da ta tsufa, jirgin ƙasa da ke raba mutum da nasa, ɗan uwan da birni ya cinye ya daina aike. Abin da namiji ba zai iya faɗa wa abokin ɗakinsa da baki ba, don kada a ce ya yi rauni, sai ya faɗe shi da ƙarfi a tsakiyar mutum goma sha biyar, kowa na amsawa.

Ranar Asabar da dare ake gasa, a zaurukan barikoki da wurare irin su zauren YMCA na titin Beatrice a Durban. Kashi biyu ne. Da farko akwai abin da suke kira gwaji, inda ƙungiyoyi ke rerawa cikin kayan gida, jama'a na shewa, mata na tasowa su nuna wanda ya burge su da ɗan kyauta. Sai dare ya raba a shiga gasa ta gaske. A yi ƙuri'a don sanin wa zai fara. Kowace ƙungiya ta sa kwat ɗinta, takalmi na ƙyalli, jagora da farar safar hannu. Kafin su hau sai su yi da'ira, kai a sunkuye, suna gunji ƙasa-ƙasa don daidaita murya, kuma masana irin su Veit Erlmann, wanda ya rubuta littafi sukutum kan wannan al'ada a 1996, sun danganta da'irar da shingen shanu na gidan Bazulu, inda ake ganawa da magabata. Zauren ya yi tsit. Haka za a yi ta yi har gari ya waye. Kyautar fa? Akuya, ko bargo, ko ɗan kuɗin da aka tara daga kuɗin shiga, in gasa ta yi girma a sa saniya. A tsakani kuma akwai gasar ado, inda mutum zai fito shi kaɗai ya juya, ya nuna kwat da hula da agogo. Wanda duk mako ake kira yaro a wurin aiki, ko da ya yi furfura, a wannan dare shi ake kallo.

Batun alƙalin gasa shi ne ya fi ba ni dariya da tausayi a lokaci guda. Shekaru da dama al'adar ita ce a fita titi a nemo wani Bature da ba wanda ya sani, ko wane ne, a roƙe shi ya zo ya zauna. A ajiye shi a tebur shi kaɗai, a hana kowa yi masa magana, in zai zagaya ma a raka shi. Sau da yawa ba ya jin kalma ɗaya ta Zulu. Hujjarsu ita ce, duk baƙin da za a ɗauko yana da gari, yana da dangi, to zai yi son kai. Wani zai ce wannan alama ce ta yadda mulkin wariya ya shiga zukata, har a wasansu sai sun nemo farar fata ya yanke hukunci. Akwai gaskiya a ciki. Ni dai ina ganin wata fuskar: a duk faɗin ƙasar, nan ne kaɗai wurin da baƙar fata ke kafa doka, Bature ya zauna inda aka ce ya zauna, ya yi shiru har asuba yana saurarensu. Daga baya an koma ɗauko malaman makaranta da masana waƙa baƙaƙe.

Likitoci da masana sun zo daga baya suna auna abin da waɗannan mutane suka daɗe da sani a jikinsu. Wani ƙaramin bincike a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin a 2013 ya nuna cewa masu waƙa tare, saboda numfashinsu na tafiya tare, bugun zuciyarsu ma kan riƙa hawa da sauka tare. A 2015 masu bincike na Jami'ar Oxford suka bi azuzuwan manya na tsawon wata bakwai, wasu na koyon waƙa, wasu sana'ar hannu, wasu rubutu. A ƙarshe duk sun shaƙu da juna, amma masu waƙa tun a watan farko suka shaƙu. Wannan saurin shi ne abin da baƙo ke bukata. Wanda ya sauka a birni jiya ba shi da wata bakwai na jira kafin ya sami wanda zai kira ɗan uwa.

Yanzu bari in taɓo gidanmu, wato rediyo, don hannunmu ba shi da tsabta a wannan tarihi. A 1960 gwamnatin wariya ta kafa Radio Bantu, kowace ƙabila da tasharta, da nufin a cusa wa kowa cewa shi Bazulu ne ko Basotho ne kafin ya zama ɗan ƙasa, kuma gidansa na can ƙauye. Waƙar da ke kukan gida da shanu ta yi wa wannan manufa daidai, sai aka buɗe mata ƙofa. Ana tace kalmomi, abin da ya yi kama da siyasa a cire. Wani mai gabatarwa a sashen Zulu, Alexius Buthelezi, ya yi shiri na musamman mai suna Cothoza Mfana, ma'ana taka a hankali yaro, har sunan shirin ya zama wani sunan salon. To amma duba yadda abin ya juya. Matar da ke ƙauye, wadda ba ta ga mijinta ba tun bara, sai ta ji an ambaci ƙungiyar garinsu a akwatin rediyo, ta tsinci muryarsa a cikin masu amshi. Hukuma ta buɗe tashar don ta raba mutane, leburori suka mai da ita hanyar aika gaisuwa. Tashar ce ta zama Ukhozi FM a yau, mai miliyoyin masu sauraro.

Ta wannan ƙofa Joseph Shabalala ya shigo. Ɗan ƙauye ne daga kusa da garin Ladysmith, ya zo Durban aikin masana'anta. Ya ce a 1964 ya yi ta mafarkin wasu muryoyi masu taushi, ya tashi ya koya wa ƴan uwansa na gidan Shabalala da na Mazibuko. Sunan ƙungiyar, Ladysmith Black Mambazo, ya haɗa garinsu, da baƙin sa wanda ya fi ƙarfi a garke, da gatari mai sare abokan gasa. Sun yi ta cinye akuyoyin mutane har aka ce su riƙa zuwa suna rerawa amma ban da shiga gasa. Faifansu na farko, Amabutho, ya fito a 1973. A 1986 Paul Simon ya sa su a faifansa Graceland, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce saboda takunkumin da duniya ta sa wa ƙasar a fannin wasanni da waƙa. Ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka yi tare sunanta Homeless, wato marasa gida. Suka ci kyautar Grammy a 1988, suka raka Nelson Mandela birnin Oslo a 1993 karɓar kyautar Nobel. Duk wannan ɗaukaka ba ta hana wani mai gadi farar fata harbe ƙanen Joseph, Headman Shabalala, a kan hanya a watan Disamba na 1991 ba.

Kada in zuga abin ya wuce gona da iri. Ƙungiyar da ta rungumi ɗan garinku ita ce kuma ta bar ɗan wani gari a waje, kuma gasa takan ƙare da zargin maguɗi ko na asiri. Mata sun daɗe a matsayin masu tafi da kawo kyauta, sai a baya-bayan nan suka fara shiga sahu. Waƙa ba ta soke takardar izinin zama ba, ba ta ƙara wa kowa albashi ba. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1994, lokacin da rikici tsakanin magoya bayan Inkatha da na ANC ya ci dubban rayuka, barikokin nan su ne suka zama sansanonin faɗa, fita da dare ta zama kasada. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, da ƙura ta lafa, mutanen sun koma zaure ranar Asabar, kuma da cutar ƙanjamau ta shigo tana ɗauke samari, a cikin waɗannan waƙoƙi aka riƙa yi wa maza gargaɗin da ba sa son ji daga bakin ma'aikacin asibiti.

Idan na waiwayo gida, abin da nake gani shi ne mu jagora muke riƙewa. Kowa ya san Shata, ya san Ɗanƙwairo da Narambaɗa, amma mutum nawa ne zai iya kawo sunan ƴan amshinsu uku? Mu masu rediyo mun fi kowa laifi, sunan mutum ɗaya muke faɗa mu saki faifai. Alhali waƙar taro ba baƙuwarmu ba ce: gaɗar ƴan mata a dandali, waƙar daka, waƙar gayya a gona, ishiriniya a daren Mauludi. Iyayenmu a Nijar har yanzu suna ba da labarin samariya ta zamanin Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, lokacin da unguwa-unguwa ke da ƙungiyar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, ana haɗuwa a bikin matasa na ƙasa. In suna labarin, ba kofin da aka ci suke tunawa ba, sai wane da wance da aka yi gwaji tare da su a farfajiyar gidan samariya. Bambancin shi ne waccan hukuma ce ta ɗaure mata gindi, da gwamnati ta sauya sai ta yi sanyi. Ta leburorin Durban kuwa daga aljihunsu suke haɗa kuɗin zaure da na akuya, shi ya sa ta ga bayan gwamnatin da ta tsare su a bariki. Yau samarinmu na cike da ɗakunan haya a Yamai da Agadas da biranen waje, kowa da waya a hannu da abin ji a kunne, ana jin waƙa fiye da kowane zamani, amma kowa shi kaɗai yake jin tasa.

Na yi alkawarin komawa kan kuɗin Mbube. Abin da aka ruwaito shi ne sule goma aka ba Solomon Linda, kamfani ya riƙe haƙƙin waƙar, shi kuma ya ci gaba da aikin shirya faya-fayai cikin kwali a ma'ajiyar kamfanin. Faifan ya ƙetare teku ya faɗa hannun Pete Seeger, wanda ya rera shi da ƙungiyarsa The Weavers a farkon shekarun 1950 da sunan Wimoweh, don haka kunnensa ya jiyo masa kalmar Zulun. A 1961 wasu samari, The Tokens, suka fitar da ita da kalmomin Ingilishi, ta zama ta ɗaya a Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Linda ya rasu a 1962 da ciwon ƙoda, sai bayan shekara 18 iyalinsa suka iya sa dutse a kabarinsa. A 2000 ɗan jarida Rian Malan ya tono labarin a mujallar Rolling Stone, ya nuna miliyoyin dalolin da waƙar ta tara yayin da ƴaƴan mai ita mata ke fama da talauci a Soweto. Aka shigar da ƙara a 2004, aka sasanta a watan Fabrairu na 2006 da kamfanin Abilene Music mai riƙe da haƙƙin waƙar, aka amince a biya magada, a kuma riƙa rubuta sunan Linda cikin waɗanda suka tsara ta. Shekara 67 ke nan bayan ranar da shi da yaran Pomeroy suka shiga ɗakin ɗaukar faifan.